Wasiƙa Daga Lankasta: Kwanon da Na Mayar



Zuwa ga Inna, da Goggo, da Yaya Babba da iyalinsa, da sauran 'yan'uwa da abokan arziki na Zariya da Kaduna da duk inda wannan wasiƙa ta same ku. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kuna lafiya kamar yadda muke nan lafiya, sai dai sanyi da ba a cewa komai. Maigida yana gaishe ku, yara ma suna gaishe ku.

Kafin in fara, ina roƙon duk wanda zai karanta wa Inna wannan wasiƙa, don Allah ya karanta har ƙarshe. Akwai kalmar alade a ciki, kuma ba sau ɗaya ba. Kada ka zo kanta ka yi salati ka rufe, ka bar tsohuwa da zullumi.

Dalilin rubutun shi ne wayar makon jiya. Auta ce ta karɓe wayar tana ba Goggo labari da Hausarta ta 'yan koyo, ta ce, "Umma ta dafa mana abincin alade na Kaka." Sauran maganar, wato "amma da naman saniya", ko layi ne ya cinye ta, ko salatin Goggo ne ya danne ta, Allah masani. Kafin gari ya waye na samu saƙo bakwai, har da na Yaya Babba mai cewa in kira shi da zarar na tashi, ko ƙarfe nawa ne. To, ku kwantar da hankalinku. Alade bai taɓa shiga tukunyata ba, kuma in Allah ya so ba zai shiga ba. Amma tun da maganar ta taso, bari in ba ku labarin tun daga tushe, domin akwai wani abin kunya da na yi a cikinsa wanda ban taɓa faɗa muku ba.

Kun san a watan Oktoba na 2021 muka tare a wannan gida na Lankasta, a jihar Fensilbeniya, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota daga Filadelfiya. Gidajen unguwarmu na jan bulo ne a jere, manne da juna, bango ɗaya ne tsakaninka da maƙwabcinka, baranda ma ɗan ƙarfe ne ya raba ta. In maƙwabci ya yi tari za ka ji. A gefenmu na dama wata tsohuwar Baturiya ce, a lokacin ta doshi tamanin, ita kaɗai a gida. Yara ne suka sa mata Kaka, sunan ya bi ta har yau. A farkon zuwanmu gaisuwa ce kawai tsakaninmu, in ɗaga hannu ta ɗaga hannu.

Daren 31 ga Disamba na shekarar wani wari ya fara shigo mana ta bango. Tsami-tsami, kamar an bar gasara ta yi kwana huɗu. Na duba firji, na duba kwandon shara, na sa maigida ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa da tocila ko ɓera ne ya mutu. Ba mu ga komai ba, muka kwanta da abinmu.

Washegari, 1 ga Janairu 2022, wajen azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe, sai ga Kaka tsaye cikin sanyi, ta rungumo wani kwanon tangaran da ta naɗe da tawul, tururi na tashi. Nan take na gane inda warin jiya ya fito. Ta yi mini barka da sabuwar shekara, ta ce ta kawo wa yara ne, wai a garin nan ba a shiga shekara ba tare da an ci wannan ba. Na ɗaga murfin, na ga kabeji ya yi ruwan ƙasa, ga nama ya saki ƙashi. Na ce naman me ne? Ta ce haƙarƙarin alade.

Inna, ban san lokacin da na saki murfin ba. Na ja da baya, na yamutsa fuska, na fizgo Auta da ta matso tana leƙe, na ce, "A'a, a'a, ba ma ci, ba ma ci." Iyakar abin da ya fito daga bakina ke nan. Ban ce na gode ba, ban ce ta shigo ta ji ɗumi ba, ban yi mata bayanin komai ba. Ta tsaya tana kallona, sannan ta ce in yi haƙuri, ba ta sani ba. Ta gyara tawul ɗin, ta juya a hankali tana dafa ƙarfen baranda. Ni kuwa na rufe ƙofa na nufi famfo, na wanke hannu da sabulu har sau uku, ina jin kaina kamar wadda ta dawo daga yaƙi da nasara.

Maigida yana falo, ya ga komai. Bai yi magana ba sai da dare. Ya ce, "Kin yi daidai da ba ki karɓa ba. Amma da kin ga fuskarki a madubi, da ba ki so ta ba." Na yi fushi, na ce to in yi mata murmushi ne da alade a hannunta? Ya ce, "Naman ne haramun. Matar fa?" Ban amsa ba, barci kuma bai zo da wuri ba.

Daga baya wata maƙwabciyarmu ta ba ni sauran labarin. Ashe mijin Kaka ya rasu ne 'yan watanni kafin mu tare. Shekara hamsin da wani abu tana dafa masa wannan abinci kowace ranar farko ta shekara. Ɗansu ɗaya, yana can wata jiha mai nisa, sai an hau jirgi. A shekarar hannunta ya auna yadda ya saba, ta cika tukunya, sai da ya dahu ta ga babu mai ci. Shi ne ta ɗebo ta kawo wa baƙin da ke da yara.

Daga ranar Kaka ta daina fitowa baranda in ta ji motsinmu. In mun yi kiciɓis ta gaishe ni a taƙaice, idonta a ƙasa. Wata shida muna haka, bango ɗaya tsakaninmu. Abin ya riƙa tuna mini da gidanmu na Zariya, yadda Inna kan jera kwanonin ciyayya bayan magariba ta ce wannan na gidan liman, wannan na gidan mai unguwa, wannan na tsohuwar nan ta lungu. Wani tuwon da ake kawo mana ba ya ciwuwa, miyar kamar ruwan wanke-wanke, amma ban taɓa ganin Inna ta ɓata fuska a gaban ɗan aike ba. Takan ce an gode, Allah ya ƙara arziki, ta juye, ta wanke kwanon, ta sa wani abu a ciki ko da goro ne. Ita ta koya mana cewa mai da hannun kyauta baya sai Shaiɗan. Na san wannan kyautar dole in mayar da ita, ba ni da shakka a kan haka ko a yau. Amma akwai yadda ɗiyar Inna ya kamata ta mayar, kuma ba haka na yi ba.

Da Babbar Sallah ta zo, a watan Yuli na 2022, muka samu ragonmu daga wata gona a wajen gari. Na soya nama irin na gida, ya sha yaji, na zuba a kwano mai murfi. Sau biyu ina zuwa ƙofarta ina dawowa. A na uku na ƙwanƙwasa. Ta buɗe, na ce yau Sallarmu ce, mu ma a wurinmu ba a yin wannan rana ba a kai wa maƙwabci ba. Ta karɓa, ta ɗaga murfin, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Naman me ne?" Gabana ya faɗi. Sai na ga gefen bakinta yana rawa, can ta fashe da dariya, ni kuma hawaye suka zubo mini.

Ta ce in shigo. Na zauna a kicin ɗinta na ce, "Kaka, ki yafe mini abin da na yi miki ranar nan." Na yi mata bayanin cewa addininmu ne ya hana mu alade, ba mu ci, ba mu dafawa, ko kitsensa ba ma amfani da shi. Ta yi shiru, sannan ta faɗi maganar da har yanzu take sukata. Ta ce, "Ni na ɗauka ni kike ƙyama. Na ɗauka kina ganin ƙazama ce ni." Ta ce ai ita a cikin Amishawa ta girma, mutanen nan na karkarar Lankasta da ke yawo a keken doki, ba sa tuƙa mota, ba sa jan wutar lantarki zuwa gidajensu, duk saboda addini. "Da kin ce mini addini ne, 'yata, da tun a bakin ƙofa na gane."

Bayan kwana uku kwanona ya dawo, kuma ba hannu rabbana ba. Ta yi wata waina tasu mai ruwan rake baƙi mai kauri a tsakiya. Kafin in buɗe baki ta ce, "Da man shanu na yi. Mahaifiyata da kitsen alade take yin ɓawon, amma na canza, kuma a sabon faranti na gasa." Tun daga nan kwanon nan bai huta ba.

A ƙarshen Oktoba ta kira ni in taya ta aikin kabeji, don hannunta ya fara ciwo. Nan na ga asalin warin da ya hana mu barci. Sunan abin sawakarawut, kalmar Jamusanci ce, ma'anarta kabeji mai tsami. Tambayata ta farko ita ce ko ana sa giya ko wani abin maye. Ta ce in zuba ido. Kabeji ne da gishiri, shi ke nan, ko ruwa ba a ƙarawa. Muka yanka shi siri-siri kamar taliya a kan wani katako mai wuƙaƙe da ta gada daga kakarta. Kowane kilo biyu da kwata na kabeji, babban cokali uku na gishiri, wato kusan giram 20 a kilo ɗaya. Ana cuɗawa da hannu, a zuba a wata randar tangaran, a daddanna da abu kamar taɓarya har ruwan jikinsa ya fito ya rufe shi. Sai a ɗora faranti, a danne da dutse wankakke, a rufe da ƙyalle. Sharaɗin kawai shi ne kada kabejin ya leƙo saman ruwan, in ya sha iska zai yi fumfuna.

Abin da ke faruwa a cikin randar ɗan'uwan abin da ke faruwa a ƙwaryar nono ne. Akwai ƙananan ƙwayoyin halitta a jikin ganyen tun daga gona, su ke cinye zaƙin kabejin su mayar da shi tsami, irin tsamin da ke cikin kindirmo. Gishirin yana hana masu ruɓarwa sakat, tsamin kuma in ya yi ƙarfi ya gama da su. A ɗaki mai ɗan ɗumi mako uku zuwa huɗu ya isa, a wuri mai sanyi irin ɗakinta na ƙasa sai ya kai biyar ko shida. Da na ce mata warin ne dai ba na iya jurewa, ta ce ai wari sabo ne. Na ce to bari in gwada ki. Na shiga gida na ɗauko daddawar da Goggo ta aiko mini, na buɗe leda na miƙa mata. Wallahi Inna, irin fuskar da na yi mata ranar nan ita ta yi mini, har da ja da baya. Muka yi ta dariya har ta zauna a kan matakala tana share ido.

A wajen yankan kabejin ta ba ni tarihinsu. Kakanninta daga ƙasar Jamus suka zo, shekaru kusan ɗari uku da suka wuce. Rukunin farko na irinsu sun sauka a 1683, iyali 13, suka kafa unguwar da ke cikin Filadelfiya a yau, bayan Wiliyam Fen, wanda jihar ke ɗauke da sunan mahaifinsa, ya buɗe ƙofa ga masu gudun tsangwamar addini. Manoma ne, sanyin nan kuma ba ya barin ganye a gona wata da watanni. Saboda haka a girbe kabeji a watan Oktoba a tsare shi a randa, a yanka alade in sanyi ya kama don naman ya daɗe. Lokacin da shekara za ta juya, kabeji ya nuna, nama yana nan, sai suka haɗu a tukunya ɗaya. Babban yaronmu ma ya kawo nasa ƙarin daga karatunsa, cewa matuƙin jirgin ruwan nan na Ingila, Kyaftin Kuk, ya yi guzurin gangunan wannan kabeji a tafiyarsa ta 1768, don maganin ciwon da ke sa dasashi jini haƙora su zube saboda rashin bitamin C. Ma'aikatan jirgin suka ƙi ci, sai ya sa a riƙa kai wa teburin manya, nan da nan kowa ya ce shi ma a ba shi. Na riƙe wannan dabara, za ku ji inda ta yi mini amfani.

Na tambaye ta me ya sa sai alade, kuma sai ranar farko ta shekara. Ta ce wai alade in yana kiwo gaba yake tura hancinsa, kaza kuwa baya take tona ƙasa, don haka mai son shekararsa ta yi gaba ba ya cin kaza ranar. Tsawon zaren kabejin kuma wai tsawon rai ne. Har yau a yankin nan coci-coci da 'yan kwana-kwana na ƙauyuka suna dafa shi da yawa ranar, mutane su yi layi su saya. Na ce a raina wannan canfi ne, sa'a da arziki na Allah ne. Ina cikin wannan tunani sai na tuna daren cika-ciki, yadda Goggo ke adana jelar ragon layya har watan Muharram, a dafa, a ce duk wanda bai ƙoshi ba a daren ba zai ƙoshi ba har shekara ta zagayo. Na ba Kaka labarin, ta ce ashe dai kowa da nasa.

Ana saura mako guda shekara ta ƙare, sai ga ta da kwali babba, da kyar take ɗauke da shi. Ta ajiye a tsakar falo ta nuna mini bakin kwalin ta ce, "Duba da kyau, ba a taɓa buɗe shi ba. Babu abin da ya taɓa shiga cikinta." Tukunyar lantarki ce mai dahuwa a hankali, irin wadda suke kira Crock-Pot. Ta ce in samo haƙarƙarin da addinina ya yarda da shi, ita za ta kawo kabejin da muka yi tare.

Bari in kwatanta muku ita, don na san Yaya zai tambaya. Tukunyar tangaran ce mai kauri, kamar tukunyar ƙasa da aka yi wa sulɓi, tana zaune cikin wani mazubi na ƙarfe mai ɗaukar zafi, da murfin gilashi. Makunninta na da ƙaramar wuta da babbar wuta. Ba ta tafasa fal-fal, sai dai ta tsaya dab da tafasa tana ɗan motsi, awa takwas a ƙaramar wuta ko huɗu zuwa biyar a babba. Wutar da take ja ba ta fi ta ƙwan lantarki biyu ko uku irin na da ba. Wannan doguwar dahuwa ita ke narkar da jijiya da guringuntsin nama su koma romo mai danƙo, kamar yadda ƙafar sa ke yi in ta kwana a kan garwashi. Shi ya sa nama mai tauri da araha ya fi dacewa da ita.

Maigida ne ya binciko wani abu da ya ba mu mamaki dukkanmu, har Kaka. Wanda ya ƙirƙiro tukunyar wani Bayahude ne ɗan Amurka mai suna Irving Naxon, ya samu takardar mallakar fasaharsa a 1940. Mahaifiyarsa ce ta ba shi labarin yadda ake yi a garinsu a Lituwaniya. Yahudawa ba sa hura wuta ranar Asabar, don haka tun yammacin Juma'a ake kai tukwanen wake da nama gidan mai burodi, a sa a cikin tanda bayan an gama gashi, sauran zafin ya dafa su cikin dare. Shi ne ya yi tukunyar da za ta yi wannan aiki a gida. Kamfanin Rival ya saye sana'arsa a 1970, ya fito da ita da sunan Crock-Pot a 1971. Maigida ya ce wa Kaka, "Kin ga, asalin tukunyar nan ma ta mutanen da ba sa cin alade ce. Gida ta dawo."

Muka je Filadelfiya wajen mahautan Musulmi muka sayo haƙarƙarin sa, gajeru masu tsoka, kilo ɗaya da rabi. Ranar 1 ga Janairu 2023, ina idar da sallar asuba na ji ƙwanƙwasa. Kaka ce da rigar sanyi a kan kayan barci, da kwalbar kabeji a hannu. Ga yadda muka yi, ga mai son gwadawa. Na barbaɗa wa naman masoro da ɗan gishiri kaɗan, don kabejin da gishirinsa, na soya shi sama-sama a kasko har ya yi ja. Muka shimfiɗa yankakkiyar albasa babba ɗaya a gindin tukunyar, da tuffa biyu da aka fere aka yanka. Kabejin kilo ɗaya ne, ta ce in ɗauraye rabinsa tun da bakinmu bai saba da tsamin ba. Muka zuba rabi, muka jera naman, muka rufe da sauran. Sai cokali biyu na sukari mai ruwan ƙasa, ɗan'uwan mazarƙwaila, da ƙaramin cokali na wasu 'ya'yan ƙamshi sirara da suke kira karawe. Ta ce marigayi yakan tsiyaya giya a wannan gaɓar, amma mu rabin kofi na ruwan tuffa za mu sa. Na ɗauko attaruhu, ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Bana ki ci irin nawa. Baɗi ki yi yadda kike so."

Ƙarfe shida da rabi muka rufe, ta murɗa ƙaramar wuta, ta kafa mini doka ɗaya: kada in buɗe. Ta ce duk buɗewa ɗaya zafin da ya taru zai gudu, sai an ƙara lokaci. Inna, kin san hannuna. Macen da ta tashi tana juya miya tana ɗanɗanawa, a ce ta zauna awa takwas tana kallon tukunya ta gilashi! Sau uku ina kai hannu, babban yaron yana cewa zai faɗa wa Kaka. Da ake cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, ban san har da tukunyarsa ake sayarwa ba. Wajen ƙarfe goma gidan ya ɗauki warin nan na bara, sai dai wannan karon daga kicin ɗina yake fita. Zuwa azahar ya sauya, tsamin ya kwanta, ƙamshin nama da tuffa ya hau kansa.

Ƙarfe biyu da rabi muka buɗe. Ƙashin da kansa ya zame. Na kwashe kitsen da ya taso, don na sa yana da nauyi kuma yana saurin daskarewa. Kaka ta kawo dankalin turawa da ta dafa ta murje da madara da man shanu, kamar sakwara mai laushi, da shi ake ci. Muka shimfiɗa ledar cin abinci, ita muka ba ta kujera. Gaskiya lomar farko ta ba ni wuya, kamar miyar yakuwa da aka cika wa hannu. Ta biyu na fara jin zaƙin albasa da tuffa a ƙarƙashi. Ta uku ban tsaya lissafi ba. Yara suka ce ba sa so, sai na tuna da Kyaftin Kuk, na ce ai dama na Abbanku ne da Kaka, ba na yara ba. Ba a yi minti biyar ba Auta ta matso da cokalinta. Maigida kuwa ya faki idon Kaka ya zaro yajinsa daga aljihu.

Kaka ta ci shiru. Na tambaye ta ko ya yi. Ba ta yi mini kara ba, ta ce ba ɗaya ba ne, na alade ya fi taushi da zaƙi, wannan ya fi nauyi a baki. Amma ta miƙo faranti aka ƙara mata. Babban yaron ya ce, "Kaka, alade gaba, kaza baya, to saniya fa?" Ta ce ai saniya a tsaye take kiwo, ba gaba ba baya. Ta ɗan yi shiru tana kallon farantinta, sannan ta ce, "A shekaruna, wanda shekara ta zagayo ta same shi inda ta bar shi, ya gode wa Allah." Da za ta tafi ta raɗa mini cewa ta dafa ɗan nata a ƙaramar tukunya tun jiya, ta ci loma biyu da sassafe, don kada marigayi ya ce ta yar da al'ada. Na ce ta kyauta. Nata yana gidanta, nawa yana gidana, ba ta taɓa haɗa mana cokali ba.

Tun daga 2023 ba mu fasa ba ko shekara ɗaya. Attaruhu ya shiga tun a karo na biyu, har da tafarnuwa da citta, Kaka tana ci tana shan ruwa tana cewa na lalata girkin kakanninta. Yanzu hannunta ba ya iya yankan kabeji, don haka katakon nan mai wuƙaƙe da randar da dutsen duk suna ɗakina na ƙasa. Ita dai ta zauna a kujera tana ba da umarni, tana cewa gishirin ya yi kaɗan. Makullin gidanta ɗaya yana hannuna, lambar ɗanta tana wayata, in na kwana ban ji tarinta ta bango ba sai na leƙa. Tukunyar kuwa ta zama 'yar gida. Ranar da nake aikin safe nakan zuba wake ko farfesun ƙafar sa kafin in fita, in dawo in tarar ya yi luguf.

Goggo, wannan shi ne abincin alade na Kaka da Auta ta faɗa miki. Saniya ce, yankan Musulmi, a tukunyar da aka ɓare daga kwali a gabana. In akwai abin da za a yi mini faɗa a kai, to fuskar nan ce da na yi wa tsohuwa a bakin ƙofa, kuma na riga na nemi yafiyarta, ta yafe. Ina roƙon Allah shi ma ya yafe mini.

Matar Yaya, na san za ki ce in aiko miki da tukunyar. Kada ki sa rai, wutar nan 120 ce, tamu ta gida 230, kuma tana son awa takwas ba a ɗauke ba. Tukunyar ƙasa a kan garwashi mai laushi za ta yi miki aikin, ki dai riƙa duba ruwa. In za ki gwada kabejin, ki samu na Jos mai tauri, ki bari sai hunturu, ki ajiye a ɗakin da ya fi sanyi, don zafi yana sa shi ya yi laushi ya lalace. Ki kuma gargaɗi maƙwabta tukuna, kada su fito neman mushen ɓera.

Duk mai zuwa nan kusa, a taimaka mini da daddawa da kuka da yajin ƙuli. Kaka ta ce a gaishe da Inna, wai tana son ganin matar da ta koya mini mayar da kwano da abu a ciki. Ban faɗa mata cewa Inna ta koya mini fiye da haka, ni ce na manta ranar ba.

A gaishe da kowa da kowa, manya da yara. A sa mu a addu'a.

Wassalam.

Taku,
'yarku ta Lankasta